Lissafin nakasa: Abin da ke sa mazan jiyan Amurka fafutukar neman ƙarin kaso

A ranar 5 ga Maris, 2025, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a wata shari'a da ba ta ja hankalin kafofin yaɗa labarai sosai ba, duk da cewa ta shafi aljihun miliyoyin iyalai. Masu ƙarar su biyu ne, dukansu tsofaffin sojoji. Na farko, Joshua Bufkin, tsohon sojan sama ne da ya ce aikin soja ya bar shi da ciwon firgici, irin wanda ke bin mutum shekara da shekaru bayan ya shiga tashin hankali. Likitoci suka saɓa a kan lamarinsa, gwamnati kuma ta ƙi biyansa. Na biyu, Norman Thornton, sojan ƙasa ne da ya yi aiki a zamanin Yaƙin Tekun Fasha na farko. Shi gwamnati ta yarda yana da ciwon, ta auna nakasarsa a kan kashi 50 cikin 100, amma ya ce halin da yake ciki ya wuce haka, ya nemi a ɗaga masa.

Dukansu sun dogara ne da wata ƙa'ida da ke cikin dokar ƙasar, wadda ta ce idan hujjojin da ke goyon bayan tsohon soja da waɗanda ke ƙaryata shi suka yi kusan kunnen doki, to a ba shi gaskiya. Tambayar da ke gaban alƙalai ita ce: idan Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda aka fi sani da VA, ta ce hujjojin ba su yi kunnen doki ba, shin kotun ɗaukaka ƙara za ta sake auna su da kanta, ko kuwa za ta bar maganar ma'aikatar sai in ta ga kuskure ƙarara? Alƙalai bakwai, da bakin Mai Shari'a Clarence Thomas, suka zaɓi na biyun. Biyu suka ƙi amincewa: Ketanji Brown Jackson da Neil Gorsuch, mutanen da ba kasafai ra'ayinsu ke haɗuwa ba. Ma'anar hukuncin a aikace ita ce, wanda zai biya kuɗin shi ne kusan mai magana ta ƙarshe a kan ko akwai shakkar da za ta amfani mai nema.

Shari'ar Thornton ita ce ta fi kama da abin da ke faruwa kullum. Yawancin rigimar da ke tsakanin mazan jiya da ma'aikatar ba a kan ko soja ya ji ciwo take ba. A kan lamba take: kashi nawa ne?

Yadda ake auna mutum

Tsohon sojan da ke neman diyya sai ya tabbatar da abu uku: cewa yana da cutar a yanzu, cewa wani abu ya same shi a bakin aiki, da kuma cewa akwai alaƙa tsakanin biyun. Idan ya haye wannan, sai a tura shi gwajin likita, wanda a yau mafi yawansa kamfanonin da ma'aikatar ta ba kwangila ne ke yi. Daga rahoton likitan ne wani jami'i, wanda galibi bai taɓa ganin mai neman ido da ido ba, zai buɗe jadawalin nakasa ya ba kowace cuta maki, daga sifili zuwa 100, goma-goma.

A shekarar 2025, tsohon sojan da ba shi da iyali a ƙarƙashinsa, in an ba shi kashi 10, yana karɓar dala 175.51 a wata. Mai kashi 50 na karɓar 1,102.04. Mai kashi 80 na da 2,044.89, mai kashi 90 na da 2,297.96, mai kashi 100 kuwa 3,831.30. Ba a cire haraji a kuɗin, kuma ba a duba ko mutum yana da wani aikin ko dukiya.

Mai karatu ya sake duba lambobin ukun ƙarshe. Daga 80 zuwa 90 ƙarin bai wuce dala 253 ba. Daga 90 zuwa 100 kuwa ya haura dala 1,500 a kowane wata, wato sama da dala dubu 18 a shekara. Ga kuma abin da ke biyo bayan kashi 100 idan an ce nakasar ta dindindin ce: inshorar lafiya ga mata da 'ya'ya, tallafin karatunsu, da yafe harajin gida gaba ɗaya a jihohi irin su Texas da Florida. Akwai ƙananan matakala a ƙasa ma. Sai mutum ya kai kashi 30 ake ƙara masa kuɗi saboda iyali, sai ya kai 50 yake shiga sahun farko a asibitocin ma'aikatar ba tare da biyan wani kaso daga aljihunsa ba.

Sai kuma lissafin da mazan jiya ke yi wa ba'a, domin a cikinsa 50 da 50 ba sa ba da 100. Ma'aikatar na ɗaukar mutum a matsayin cikakke, kashi 100. Idan ciwon farko ya ci 50, saura 50. Ciwo na biyu mai maki 30 ba daga cikakken mutumin za a cire shi ba, daga ragowar za a cire: kashi 30 na 50 shi ne 15, jimilla 65, a zagaye ta koma 70. Haka 50 da 50 ke ba da 75, a mayar da ita 80. Akwai hankali a cikin tsarin, tunda ba a nakasa fiye da ɗaukacin jiki. Sai dai sakamakonsa shi ne, wanda ke kan 90 daidai yana buƙatar wata sabuwar cuta mai maki 50 kafin ya kai 95, wadda ake zagayewa zuwa 100. Wato an ajiye kuɗi mafi tsoka a matakin da ya fi kowanne wuyar hawa.

Duk wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin ganin tsohon soja yana jera cututtuka goma sha a takardar nemansa ba, daga gwiwa zuwa baya zuwa ƙarar kunne. Tsarin ne ya koya masa cewa da tarin ƙananan maki ake hawa. Akwai wata ƙofar gefe ga wanda ciwonsa ya hana shi riƙe aikin da zai ci da kansa: in yana da cuta guda mai kashi 60, ko jimillar 70 da guda a cikinsu ta kai 40, ana iya biyansa kamar mai 100. Amma wannan ƙofar na nufin ya haƙura da aiki mai albashin kirki, abin da mai shekara 35 da 'ya'ya ƙanana ba zai yanke cikin sauƙi ba.

Ma'aunin 1945

Tushen matsalar, a ganina, yana cikin abin da jadawalin ya ce yana aunawa. A doka, makin na wakiltar matsakaicin asarar ƙarfin neman abinci da cutar ke jawowa. Ginshiƙin jadawalin da ake aiki da shi an kafa shi ne a 1945, lokacin da sojan da ya dawo daga Turai ko yankin Pasifik zai koma gona ko masana'anta, inda ƙafa da hannu su ne jari. An yi wa sassansa kwaskwarima sau da dama, amma tun 2003 Ofishin Binciken Ayyukan Gwamnati na Majalisar Dokoki ya sa shirye-shiryen nakasa na tarayya, har da na VA, cikin jerin masu babban haɗari, kuma tsufan ma'aunin na cikin dalilan.

Misali guda ya isa. Mai fama da ɗaukewar numfashi cikin barci, idan likita ya rubuta masa na'urar taimaka wa numfashi, kashi 50 yake samu, ko da na'urar ta magance matsalar yana zuwa ofis lafiya lau. Wanda aka yanke wa ƙafa ƙasa da gwiwa kuwa kashi 40 jadawalin ya ba shi. A watan Fabrairun 2022 ma'aikatar ta fitar da shawarar gyara makin wannan cuta da na ƙarar kunne da na cututtukan ƙwaƙwalwa, aka shekara ana shekara shawarar na kan takarda. Kowane gyara na da wanda zai rasa, kuma babu ɗan siyasar Amurka da ke son a ce shi ne ya rage wa mazan jiya kuɗi.

A ɓangaren ciwon firgici abin ya fi rikitarwa, kuma a nan Thornton ya maƙale. Matakan shida ne kawai: 0, 10, 30, 50, 70 da 100. Babu hoton ƙashi ko gwajin jini da zai raba mai 50 da mai 70. Abin da ake da shi shi ne bayanin mutum game da barcinsa, fushinsa, zamansa da iyali da abokan aiki, a cikin ganawar da wani lokaci ba ta kai awa guda ba. Soja kuwa an horar da shi ya ce lafiya lau ko da jini na zuba. Wanda ya je gwaji a ranar da ya ɗan samu sauƙi, ya amsa gaisuwar likita da fara'a, yana iya fitowa da makin da zai bi shi shekaru. Bambancin 50 da 70 a 2025 ya kai dala 657 a wata.

Hayaƙin Balad

Abin da ya mayar da wannan tsohuwar muhawara sabuwa shi ne dokar PACT, wadda Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu ranar 10 ga Agusta, 2022. A sansanonin Amurka da ke Iraƙi da Afghanistan an riƙa haƙa manyan ramuka ana zuba robobi, tayoyi, batura, sharar asibiti da sinadarai, a yayyafa man jirgi a cinna wuta. Ramin sansanin Balad a Iraƙi ya kai faɗin eka goma, kuma sojoji na kwana suna tashi cikin hayaƙinsa. Da suka dawo gida da cutar huhu da sankara iri-iri, ma'aikatar ta ƙi amincewa da fiye da kashi 70 na buƙatunsu, bisa hujjar cewa ba su tabbatar hayaƙin ne sanadi ba. Ta yaya mutum guda zai tabbatar da abin da rundunar da ta tura shi ba ta auna ba a lokacin?

An sa wa dokar sunan Saje Heath Robinson na rundunar tsaron jihar Ohio, wanda sankarar huhu ta kashe a 2020. Biden kansa ya sha danganta sankarar ƙwaƙwalwar da ta kashe ɗansa Beau a 2015 da irin waɗannan ramuka. Duk da haka, a ƙarshen Yulin 2022 sanatocin jam'iyyar Republican sun tare ƙudirin, sai da mazan jiya suka kwana a matakalar Majalisa, ɗan wasan barkwanci Jon Stewart na caccakar sanatocin a gaban kyamara, kafin ya wuce da ƙuri'a 86 da 11.

Abin da dokar ta yi shi ne ɗauke nauyin hujja. Ta lissafa cututtuka sama da 20 ta ce duk wanda ya yi aiki a wasu ƙasashe a wasu shekaru, in ya kamu da ɗaya, a ɗauka aikin ne ya jawo. Ta kuma ƙara hawan jini cikin cututtukan da ake dangantawa da sinadarin Agent Orange da aka fesa a Vietnam, rabin ƙarni bayan fesawar. Ƙasashen da ta ambata sun haɗa da Iraƙi, Kuwait, Saudiyya, Somaliya, Djibouti, Masar, Siriya da Yemen. Nijar, inda sojojin Amurka suka zauna a Yamai da Agadez har zuwa ficewarsu a 2024, ba ta cikin waɗanda aka ambata da suna, ko da yake dokar ta bar wa ministan damar ƙara wata ƙasa.

Buƙatu suka yi ambaliya. A shekarar kuɗi ta 2024 ma'aikatar ta kammala duba sama da miliyan 2.5, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba kafin nan. Da yawansu daga mutanen da tuni suke karɓar diyya ne, suna neman a ƙara sabuwar cuta a kan tsofaffin. A watan Satumban shekarar sai da Majalisa ta amince da ƙarin kusan dala biliyan 3 cikin gaggawa bayan ma'aikatar ta ce kuɗinta na gab da ƙarewa, daga baya kuma ta bayyana cewa ba ta buƙaci kuɗin ba. Wannan abin kunya ya ba masu sukar shirin makami.

'Yan tsakiya

Inda duk aka tara kuɗi da ruɗani, dillalai ba sa nisa. Tarihin nan na da ban sha'awa. Tun zamanin yaƙin basasar Amurka doka ta hana lauya karɓar fiye da dala 10 a kan neman haƙƙin tsohon soja, don kare shi daga macuta, kuma wannan iyaka ta zauna har 1988, shekarar da aka kafa kotun musamman ta ɗaukaka ƙarar mazan jiya. Har yau doka ta hana kowa cajin kuɗi a kan buƙatar farko, kuma sai wanda ma'aikatar ta tantance ne zai wakilci mai nema. Ƙungiyoyi irin su American Legion da VFW da DAV na yin aikin kyauta.

Sai dai a 2006 Majalisa ta cire hukuncin laifi da ke kan wanda ya karya wannan doka. Haramcin na nan, horon ya tafi. Cikin wannan giɓi kamfanonin da ke kiran kansu masu ba da shawara suka shigo, suna talla a Facebook da YouTube da alƙawarin kai mutum kashi 100. Abin da suka fi caja shi ne ninki biyar na ƙarin da mutum ya samu a wata. Wanda ya tashi daga 90 zuwa 100, kenan, zai biya sama da dala 7,600. Abin da ma'aikatar ke iya yi musu bai wuce aika wasiƙar gargaɗi ba. A Majalisa ƙudirori biyu ke ta karo da juna shekara da shekaru: ɗaya na son a maido da hukunci, ɗayan na son a halatta kamfanonin a sa wa kuɗinsu iyaka. Jihohi kuma kowace ta kama gabanta, wasu sun hana, wasu sun halatta.

Kamfanonin na cewa mazan jiya na zuwa wurinsu ne don masu aikin kyauta sun yi kaɗan kuma layinsu ya yi tsawo. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma kamfanin da ribarsa ke ƙaruwa da girman maki yana da dalilin koya wa mutum abin da zai faɗa wa likita, kuma ba shi da dalilin gaya masa cewa neman ƙari na iya buɗe fayil ɗinsa a sake duba shi, a wasu lokutan ma a rage. Kariyar da doka ta bayar tana zuwa ne da shekaru: makin da ya shekara biyar sai an nuna sauƙi mai ɗorewa kafin a taɓa shi, wanda ya shekara 20 kuwa ba a rage shi sai in an kama zamba.

A watan Oktoban 2025 jaridar Washington Post ta wallafa binciken da ya ce raunin sa ido ya bar wasu na wawure shirin, wanda ta ƙiyasta kuɗinsa a dala biliyan 193 a shekara. Ta kawo misalan mutanen da suka yi ƙaryar makanta ko shanyewar jiki aka kama su. Ƙungiyoyin mazan jiya suka yi mata ca, suna cewa ta ɗauki laifin 'yan tsiraru ta shafa wa miliyoyi.

Hauhawar kuɗin gaskiya ce. Ofishin Kasafin Kuɗi na Majalisa ya nuna cewa a 2000 mutum miliyan 2.3 ke karɓar diyyar, a 2013 suka kai miliyan 3.5, yau kuma ana maganar kimanin miliyan 6, alhali jimillar mazan jiyan ƙasar raguwa take yi. Amma kafin a kira wannan zamba sai a tuna abin da ya faru tsakanin shekarun. An yi shekara 20 ana yaƙi da rundunar 'yan sa-kai, ana mayar da mutum guda fagen daga sau uku, sau huɗu. Sulke da saurin kai majinyaci asibiti sun ceci waɗanda da a Vietnam ne da gawarsu za a kawo: kimanin 7,000 suka mutu a Iraƙi da Afghanistan, sama da 50,000 suka ji rauni a fagen fama, ban da ɗimbin waɗanda girgizar bam ta taɓa wa ƙwaƙwalwa ba tare da tabo a fata ba. Sannan Majalisa da kanta ce ta faɗaɗa ƙofar, da hannunta, da rinjaye mai yawa.

Kuma kuskuren ma'aunin ba gefe guda yake karkata ba. Rahoton Ofishin Binciken Ayyukan Gwamnati na 2023 ya gano cewa tsakanin 2010 da 2020 an amince da kashi 61 na buƙatun baƙaƙen fata, na fararen fata kuwa kashi 75. Akwai kuma kimanin mutum 50,000 da raunin yaƙi ya tilasta wa ritaya kafin su cika shekara 20 a aiki, waɗanda ake cire musu diyyar nakasa daga fanshonsu dala bisa dala. Ƙudirin gyara wannan, mai ɗauke da sunan Manjo Richard Star, na da goyon bayan mafi yawan 'yan majalisun biyu a takarda, amma an kasa zartar da shi saboda kuɗi. Masu maganar wawura ba su cika tsayawa a kan waɗannan ba.

Hanyoyin da ake nunawa yanzu sun kasu. Ofishin Kasafin Kuɗi ya taɓa jera zaɓuɓɓukan rage kashe kuɗi da suka haɗa da hana diyyar ga masu babban kuɗin shiga, kuma kundin Project 2025 na masu ra'ayin riƙau ya nemi a sake duba makin masu nema nan gaba. Minista Doug Collins, wanda ya karɓi ma'aikatar a Fabrairun 2025, ya sha cewa ba za a taɓa haƙƙin kowa ba, ko da yake ya fara da shirin rage ma'aikata kimanin 80,000 kafin a sassauta zuwa kusan 30,000 ta hanyar ritaya da barin aiki. Ma'aikatar da a Maris 2013 ta tara buƙatu 611,000 da suka wuce kwana 125 ba a duba ba ta san abin da ƙarancin hannu ke haifarwa.

Duba kuɗin shigar mutum kafin a biya shi zai sauya ma'anar diyyar daga bashin da ƙasa ke biya zuwa sadaka, kuma zai hukunta wanda ya daure ya nemi aiki. Gyaran da ya fi kusa da tushen ciwon ba ya cikin waɗanda ake yawan faɗa a gangamin siyasa: a sabunta jadawalin bisa aikin da mutane ke yi a yau, a daidaita tazarar da ke tsakanin 90 da 100 yadda dala 1,500 ba za ta rataya a kan maki biyar ba, a ba likitan gwaji lokaci da cikakken fayil, a kuma maido da hukunci kan masu cajin da doka ta riga ta haramta. Na farko da na biyu za su sa wasu masu nema nan gaba su samu ƙasa da abin da na gabansu suka samu, shi ya sa ƙungiyoyin mazan jiya ke ɗari-ɗari da su. Na ƙarshe kuwa ba ya cin ko sisin gwamnati, kuma shi ma yana kwance a Majalisa.